Ganuwar Kano a Kan Dutsen Jos: Farfesa Dmochowski da Tarihin Adana Ginin Gargajiya

Gabatarwa

A bayan Gidan Tarihi na Jos akwai wani fili mai faɗi wanda baƙo ba ya shigarsa ya fita bai yi mamaki ba. A nan ne mutum zai ga ganuwar Kano tsaye da ƙofarta, ya ga Masallacin Juma'a na Zariya da tulluwarsa, ya ga sashen fadar Katsina da masallacin Ilori, duka a wuri guda, a kan tsaunin da ya ɗara mita 1,200 bisa teku, inda babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa. Ba ƙananan samfura ba ne irin waɗanda akan ajiye a cikin akwatin gilashi. Gine-gine ne na ƙasa da azara, kamar yadda na asalin suke, mutum ya shiga da ƙafarsa ya ɗaga kai ya dubi rufi. Wannan wuri shi ne Gidan Adana Gine-ginen Gargajiya na Nijeriya, wanda aka fi sani da MOTNA a taƙaice, kuma wanda ya tsaya tsayin daka har aka kafa shi wani malamin jami'a ne mutumin ƙasar Folan, Farfesa Zbigniew Dmochowski.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan malami daga Warso zuwa Jos, ta duba abin da ya kawo shi, da abin da ya tarar, da abin da ya bari. Za a kuma haɗa labarinsa da na wasu baƙi biyu da suka sauka a Jos, wato ginin zamani da sana'ar fim, domin su ukun suna amsa tambaya ɗaya ce: idan abu ya kama hanyar ɓacewa, mene ne ake iya ajiyewa daga cikinsa, mene ne kuma ba ya ajiyuwa sai a hannun masu shi?

Jos, Garin da Kuza ta Haifa

Kafin a yi maganar malamin, ya kamata a san garin. Ƙasar da Jos take a kai ƙasa ce ta Birom da Anaguta da Afizere tun kaka da kakanni, amma garin kansa, a siffar da aka san shi, haƙar kuza ce ta tara shi a farkon ƙarni na 20. Kamfanonin Turawa suka kafa sansani, ma'aikata suka kwararo daga ƙasar Hausa da Barno da Kudu, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin dogo kuma ya biyo ta Kafancan a 1927. Saboda haka tun daga tushe Jos gari ne na kwano da katako da dutse, gari ne da kowa ya zo da irin ginin garinsu ya gwada shi a ƙasar da ba ta saba da shi ba.

Kuzar nan ita ce kuma ta jawo gidan tarihi. A wajen haƙa ne aka riƙa tono mutum-mutumin yumɓu waɗanda daga baya aka laƙaba musu sunan ƙauyen Nok. An fara cin karo da su a 1928, amma sai a shekarun 1940 ne wani jami'in mulki mai ilmin tonon tarihi, Bernard Fagg, ya gane cewa sana'ar wata tsohuwar al'umma ce wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Shi ya jagoranci buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952. Bayan shekara guda aka yi dokar kare kayan tarihi ta 1953, wadda ta ba gwamnati ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa. Sai dai doka ba ta hana ruwa zuba. Hukumar kayan tarihi ta ga cewa tukunya da takobi ana iya ɗauke su a kulle a ɗaki, amma soro da masallaci suna nan inda suke, damina tana ci, masu su kuma suna rushewa suna maye gurbinsu da bulo. Ana bukatar wanda zai auna su ya zana su tun kafin su tafi. Wannan bukata ce ta kawo Dmochowski Nijeriya a 1958.

Darasin Warso

Ba a fahimtar himmar wannan mutum sai an san abin da ya faru da ƙasarsa. Folan ta yi shekara 123 ba ta a taswirar duniya, domin daga 1795 zuwa 1918 Rasha da Farusiya da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. Da ta dawo da 'yancinta, malamanta suka shiga neman abin da za su nuna su ce wannan namu ne. A Kwalejin Fasaha ta Warso, Farfesa Oskar Sosnowski ya kafa cibiyar nazarin gine-ginen ƙasar, ya riƙa tura ɗalibai birane da ƙauyuka da igiyar awo da takarda, suna auna coci-coci da gidajen manoma, suna zana su dalla-dalla. Dmochowski a wannan makaranta ya tashi, kuma a shekarun 1930 ya yi bincike a kan gidajen katako na manoman yankin Polesiya, wato gine-ginen talakawa waɗanda manyan masana na lokacin ba su ɗauke su a bakin komai ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Sosnowski ya rasu a 1939 sakamakon harin da Jamus ta kai wa birnin. A 1944, bayan tawayen mutanen Warso, sojojin Hitila suka bi birnin unguwa-unguwa suna rushewa, har kimanin kashi 85 cikin 100 na gine-ginensa suka zama kufai. Da yaƙi ya ƙare aka tashi sake gina tsohon gari, cikin abubuwan da aka dogara da su har da zanen awon nan da ɗalibai suka yi kafin yaƙi, wanda aka yi ta ɓoyewa har ya tsira. Da takarda aka ta da birni daga toka, kuma a 1980 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Warso cikin wuraren tarihi na duniya.

Shi Dmochowski a Ingila yaƙi ya jefa shi. Ya koyar a makarantar zanen gini da 'yan Folan masu gudun hijira suka buɗe a Jami'ar Libaful a 1942, ya kuma wallafa littafin tarihin gine-ginen ƙasarsa, The Architecture of Poland, a Landan a 1956. Ke nan mutumin da ya sauka Nijeriya bayan shekara biyu ya riga ya san abu biyu a jikinsa: ya san cewa gari sukutum yana iya ɓacewa a cikin 'yan watanni, ya kuma san cewa abin da aka auna aka zana ana iya mayar da shi. Ya zo ƙasar da take shirin karɓar mulkin kai, shi kuma ɗan ƙasar da ta ɗanɗani mulkin wasu. Masanin tarihin gine-gine Lukasz Stanek, a littafinsa na 2020, ya nuna yadda Dmochowski ya riƙa kallon Nijeriya da idon abin da Folan ta gani.

Zamananci da Ginin Ƙasa

A lokacin da ya iso, iskar da take kaɗawa a fagen gini ita ce aƙidar zamananci. Wannan aƙida ta taso ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana cewa a bar ado, a bar kwaikwayon magabata, siffar gini ta biyo aikin da zai yi, a yi amfani da kankare da ƙarfe da gilashi a fili ba tare da kunya ba. A Afirka ta Yamma, mata da miji Jane Drew da Maxwell Fry su ne suka fi yi mata hidima. Su suka tsara gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Badun a shekarun 1950, da bangayensu masu huji-huji don iska ta ratsa, da barandunsu masu kare rana. Makarantar koyon zanen gini ta farko a ƙasar nan, wadda ta zauna a Zariya a tsakiyar shekarun 1950 kuma ta zama sashen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a kan manhajar Ingila aka ɗora ta. Ɗalibi yana zaune a Samaru, tafiyar 'yan mil kaɗan daga aikin Babban Gwani, amma abin da ake jarraba shi a kai gine-ginen Rum ne da na Faransa.

Yadda hukuma take kallon ginin ƙasa kuwa ya fito fili a sunan wani ɗan littafi da Ma'aikatar Ayyuka ta buga a 1945, wanda wani injiniya mai suna Daldy ya rubuta a kan dabarun maginan Arewa. Littafin yana da amfani ƙwarai, amma an kira abin da ke cikinsa gine-ginen wucin gadi. A lokacin Masallacin Juma'a na Zariya ya kai shekara 100 a tsaye, Gidan Rumfa kuma ya haura 400.

Dmochowski bai yi gaba da zamananci ba. Abin da ya gani shi ne, sharuɗɗan da masu wannan aƙida suke wa'azi a kansu, maginin Hausa ya daɗe da cika su ba tare da ya ji sunansu ba. Ana cewa kayan aiki su faɗi gaskiyar kansu, to azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamu huɗu ko makamancin haka, kuma daga wannan iyaka ce dukkan hikimar bakan gizo ta fito: magini yana jera guntayen azara, kowace tana ɗan leƙowa gaban 'yar'uwarta, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafafun baka su haɗu a tsakiya su rufe ɗaki mai faɗin da azara ɗaya ba za ta taɓa ketarewa ba. Ana cewa gini ya dace da yanayi, to katangar tubali mai kauri a gindi tana shanye zafin rana da yini, ta sake shi da dare lokacin da ake bukatarsa a hunturu. Ana cewa tsari ya biyo rayuwa, to daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa shigifa zuwa cikin gida, kowane taki yana gaya wa baƙo iyakar inda mutuncinsa da na matan gida suka yarda ya kai. Burinsa shi ne matasan Nijeriya masu koyon zanen gini su san wannan gado ciki da waje, domin su fitar da salon zamani nasu na kansu daga gare shi.

Shekarun Awo

Daga 1958 zuwa tsakiyar shekarun 1960 ya yi ta zagaya ƙasar nan tare da matasan Nijeriya da ya koya wa aikin awo da zane. Sun auna fadoji da masallatai da gidajen attajirai a ƙasar Hausa, sun auna gidajen Nufawa da na Yarabawa da na Bini da na Ibo, da rumbuna da bukkokin mutanen tsaunin Filato. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ginin siminti yana da kusurwa da miƙaƙƙen layi, idan ka auna gefe biyu ka san sauran. Ginin ƙasa kuwa hannu ne ya shafe shi, babu bango biyu masu kauri ɗaya, babu baka biyu masu lanƙwasa ɗaya, saboda haka sai an bi shi taki-taki. Daga nan ya koma Folan ya zama farfesa a Kwalejin Fasaha ta Gdansk, inda ya ci gaba da nazarin ginin ƙasashe masu zafi. A 1972 ya dawo Nijeriya, a zamanin da Ekpo Eyo yake shugabancin hukumar kayan tarihi, ya shafe kusan sauran rayuwarsa a kan aikin Jos. Ya rasu a 1982.

Babban littafinsa, An Introduction to Nigerian Traditional Architecture, bai fito ba sai a 1990, shekara takwas bayan rasuwarsa, cikin juzu'i uku, na farkonsu a kan Arewa. Har yau duk mai son sanin yadda wasu gine-ginen ƙasar nan suke kafin a rushe su, can yake komawa.

Misalin da ya fi kowanne nuna darajar wannan aiki shi ne Masallacin Juma'a na Zariya. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Babban Gwani Mika'ilu. Tulluwa shida ce ta rufe babban ɗakin salla, a kan ginshiƙai da bakuna masu zanen da aka tono a jikin ƙasa, ga zauruka na shiga, ga ɗakin shari'a a gefe. Labarin baka yana cewa wani sarki ya sa Babban Gwani ya yi masa irinsa, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna matsayin da jama'a suka ba gwanintarsa. A shekarun 1970, da jama'a ta yi yawa kuma kuɗin man fetur suka shigo, aka gina sabon masallaci na kankare a wurin, aka bar wani sashe na tsohon a cikin cikinsa. Ta haka aka wayi gari wanda yake son ganin siffar masallacin Babban Gwani daga waje, da tulluwarsa a ƙarƙashin sararin sama, sai ya tafi Jos. Kwafi ya zama shi ne mai ba da shaida a kan asali.

Abin da Takarda ba ta Ɗauka

Tunanin tara gine-gine a fili ɗaya ba a Jos aka fara shi ba. A 1891 aka buɗe irinsa na farko a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, mai suna Skansen, inda aka kwance gidajen katako daga ƙauyuka aka sake haɗa su. Amma gidan katako ana kwance shi a ɗora a mota, soro kuwa ba ya kwantuwa. Dole sai an sake gina shi daga tushe, kuma dole sai da magina waɗanda suka gaji sana'ar. Saboda haka aka ɗauko gwanaye daga garuruwan da gine-ginen suke, suka zo Jos suka kwaɓa ƙasa suka dunƙula tubali. A nan ne iyakar ilmin farfesa ta bayyana, kuma wannan ba aibi ba ne a gare shi. Zane yana faɗin tsawo da faɗi da kauri. Ba ya faɗin kwana nawa za a bar birji ya ruɓa da ciyawa kafin ya yi daɗin aiki, ko yadda ake gane giginyar da ta isa a tsaga ta azara, ko yawan makubar da za a zuba a yaɓe. Wannan ilmi a tafin hannu yake da tafin ƙafa, ɗa yana ɗaukarsa daga uba a bakin aiki, a ƙarƙashin idon Sarkin Magina.

Sa'an nan ga ruwan sama. Jos tana samun kimanin milimita 1,400 a shekara, abin da ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba, ga ƙanƙara a wasu lokuta. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 an yi ta ne don ƙasa mai gajeriyar damina, kuma ko a can ba ta rayu ba sai don kowace shekara ana fitar da jama'a gayya su yi mata gyara. Haka gidan kowane magidanci yake: kafin ruwa ya sauka a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, mai hali ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Abin da ke sa a yi wannan wahala shi ne akwai mai kwana a ɗakin. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ɗakin da ba shi da mai shi fa? Masallacin da ke Jos ba a kiran salla a cikinsa, fadar ba ta da sarki, ganuwar ba ta tsare kowa. Gyaransu ya rataya ne a kan kasafin kuɗin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma kasafi ba ya zuwa daidai da damina. Shi ya sa gine-ginen suka sha lalacewa ana tayar da su.

Kada kuma a ɗauka cewa kankare ya tsira daga wannan hukunci. Babbar Kasuwar Jos ta Taminus, wadda aka ƙudura tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka kammala a tsakiyar shekarun 1980, ita ce alamar zamananci mafi girma a garin, har ana kirga ta cikin manyan rufaffun kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu na 2002, watanni kaɗan bayan rikicin da ya girgiza garin a 2001, gobara ta cinye ta, dubban 'yan kasuwa suka koma bakin titi, kangonta ya yi shekaru yana kallon masu wucewa. Soro idan ya faɗi, ƙasarsa tana nan, a jiƙa ta a sake dunƙulawa. Kankare idan ya faɗi, sai an nemo kuɗin da ya fi na farko.

Fim, Ɗaya Ma'ajiyar

Akwai wani abu kuma da zane ba ya kamawa, wato mutane a cikin gini: yadda haske yake faɗowa ta ƙaramar taga a kan buzun malami, yadda murya take amsawa a ƙarƙashin tulluwa, yadda mai shiga zaure yake rage tsawo ya tuɓe takalmi. Wannan aikin na'urar ɗaukar fim ne, kuma abin sha'awa, ita ma a Jos ta yi gida. Tun a 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya fitar da fim mai suna Palaver wanda ya ɗauka a tsaunin nan, ko da yake da idon ɗan mulkin mallaka ya kalli mutanen wurin. A 1979 aka kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take Jos, daga baya aka ƙara da makarantar koyon aikin fim a 1995, da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa. Sanyin garin da hasken sararinsa da duwatsunsa sun sa ya zama matattarar masu wannan sana'a, har da masu fim na Hausa.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar ya isa misali. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a cikinsa ana ganin rayuwar ƙarni na 19 tana gudana a tsakanin katangu da zauruka irin waɗanda Dmochowski yake aunawa. Shekaru da dama an ɗauka fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka gano uwar fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar, cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Zaren fim shi ma yana ruɓewa idan zafi da laima suka same shi, har ya riƙa wari mai tsami, hoton ya narke. Ashe shi da soro ciwonsu ɗaya ne, dukansu suna bukatar mai duba su kowace shekara. Wannan ne ya sa Jami'ar Jos, tare da Hukumar da wata jami'a ta Jamus, ta buɗe karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai a 2019.

Inda Sana'ar Take da Rai

Idan ana son ganin abin da Dmochowski ya yi fata, sai a ɗan leƙa Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali da itace, ya yi ta ƙara masa bakuna da hasumiyoyi a shekarun da suka biyo, har masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan wurin, aka gama a 2018. A nan ilmin jami'a da na gado suka zauna a tabarma ɗaya. A gida ma an samu masana irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan yadda maginan Hausa da kansu suke auna kyau da muni a aikinsu, wato ya tambayi masu sana'ar maimakon ya tsaya ga auna bangonsu kawai.

Kammalawa

An ga yadda wani malami ya taso daga birnin da aka rushe, ya zo ya auna gine-ginen ƙasar nan da tsoron kada su bi sawun nasa, ya bar mana juzu'i uku da fili guda a Jos. Abin da ya ɗauka ya yi, ya yi shi da kyau, kuma ba don shi ba da siffar gine-gine da yawa ta tafi har abada. Amma Warso ta tashi ne domin a bayan takardun akwai magina da kafintoci da suke da rai, da jama'ar da take son ta koma gida. Takarda ita kaɗai ba ta ɗora tubali a kan tubali.

A nan ne aikin ya faɗo a kan masu nazarin Hausa. Rabin ilmin magini a cikin kalmominsa yake: tubali da birji, azara da bakan gizo, ɗaurin guga da tulluwa, zanko da rawani da dagi, makuba da laso. Ɗalibi nawa ne a ajinmu yau zai iya bambanta shigifa da zaure, balle ya faɗi abin da ake nufi da ƙafar baka? Duk kalmar da ta mutu, wata dabara ce ta bi ta kabari. Tsofaffin magina suna nan a Zariya da Kano da Katsina da Damagaram, amma ba za su dawwama ba. Ya kamata sassan Hausa su haɗa kai da sassan zanen gini da masu koyon fim, a je a zauna da waɗannan bayin Allah, a naɗi bakinsu da hannunsu suna aiki, a tattara kirarinsu da waƙoƙin gayyarsu da sunayen kayan aikinsu, a kuma riƙa kai ɗalibai Jos lokacin yaɓe su sa ƙafa a cikin kwaɓi. Baƙo ya auna mana jikin ginin, sauran harshensa, kuma wannan ba wanda zai zo daga Folan ya rubuta mana shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.